Majigin tsakar gida: inda aikin kallon tsofaffin fina-finai ya kwana

3 Nuwamba 2024

To alhamdulillahi an fara. Jiya Asabar bayan isha'i muka kafa majigi a tsakar gidan Kawu, farin zani muka ɗaure a jikin katanga, sipika ɗaya, labtof ɗina, sai tabarmi. Abun da yasa na ɗauko wannan aikin shine yaran unguwarmu masu ɗaukar bidiyo a waya, wallahi suna da ƙwazo, kullum suna lungu suna haɗa barkwanci suna sakawa a TikTok kuma duk wanda ka zauna dashi burinsa ya zama darakta, amma duk fim ɗin da suka sani bai girmi wayar hannunsu da yawa ba. Na ce musu zan dinga nemo tsofaffin fina-finai waɗanda duniya ta yarda da su, mu kalla tare, in ina da hali in saka musu fassarar Hausa a ƙasan allo, bayan an gama mu zauna mu yi hira akai. Sharaɗi ɗaya ne, ba danna waya in fim ya fara.

Da City Lights na Charlie Chaplin muka buɗe, na 1931. Da gangan na zaɓe shi don babu magana a ciki balle ace sai an fassara. Lokacin da ya fito ai an riga an fara fim mai magana tun 1927, kowa ya koma can, shi kuwa ya ƙi, kiɗa kawai ya saka. Labarin wani talaka ne mara gida da wata makauniya mai sayar da furanni, ita tana zaton mai kuɗi ne. Kuma yadda aka yi ta yi wannan zaton shine abun da na tsayar da fim ɗin na maimaita musu: ya ratsa ta cikin wata babbar mota da ke tsaye don ya tsallake titi, ya rufe ƙofa, ita kuma ƙarar ƙofar ta ji, shikenan a ranta mai mota ne. Ba wanda ya buɗe baki yayi bayani. Wannan fitowar kaɗai fiye da sau 300 Chaplin ya ɗauke ta kafin ta yi masa.

Wajen damben kam yara har kwanciya suke don dariya. A ƙarshe da ta warke ta riƙe hannunsa ta gane shi da taɓawa, tsit kake ji, ƙanina da ya fi kowa surutu sai goge ido yake da hular sanyi.

10 Nuwamba

Ba a yi kallo ba wannan satin, fassara nake. Ina amfani da wata manhaja kyauta mai suna Subtitle Edit, ka ɗora fim ɗin ka dinga rubuta layi-layi kana daidaita shi da lokacin da mutum ya buɗe baki. Aiki ne mai cin rai gaskiya, kuma Hausa na da tsayi, layin da ɗan Italiya zai faɗa cikin numfashi ɗaya in ka rubuta shi yadda yake sai ya cika allo, dole kayi ta ragewa. Kawu yace in daina wahalar da kaina, a zamaninsu in an kawo majigi ƙofar fada akwai mai bayani da lasifika yana faɗa wa mutane abun da ke faruwa. Inaga duka biyun zan haɗa, rubutu don masu karatu da sauri, baki don su Gwaggo.

17 Nuwamba

Bicycle Thieves, wato ɓarayin keke, na Vittorio De Sica, Italiya 1948. In mutum fim ɗaya tak zai kalla a duk abun da zan lissafa a nan to wannan ne.

Birnin Rum ne bayan yaƙin duniya na biyu, ba aiki, maza sun yi cincirindo a ƙofar ofishin ɗaukar ma'aikata. Mutumin ya samu aikin liƙa fosta a bango amma sai da keke, kekensa kuma yana jingina. Matarsa ta yaye zannuwan gadonsu ta wanke ta kai kantin jingina aka karɓo keken. Nan ne kyamara ta bi ma'aikacin kantin yana hawa wasu kantoci masu tsayi har rufi, duk cike da ƙunshin zannuwan gado na wasu gidajen. Na ce wa yaran ku duba nan, da a ce wani ne ya zauna a kujera yana cewa ai talauci ya yi wa garin nan katutu, da kun manta kafin gobe, amma kantocin nan bazaku manta ba. Ranar farko da ya fara aiki aka sace keken, sauran fim ɗin duk yawon nema ne shi da ɗansa ƙarami, kasuwar kayan keke, coci, cikin ruwan sama, har gidan wata mai duba.

Wanda ya fito a uban ba ɗan wasa bane, ma'aikacin masana'anta ne sunansa Lamberto Maggiorani, yaron ma a titi aka tsinto shi. A kan titunan gari aka ɗauka, da mutanen gari. Wannan shi yafi ɗaure wa yaran kai, ɗaya yace Yaya kenan babu jarumi ko ɗaya? Nace babu, kuma har Amurka sai da suka ba fim ɗin kyautar girmamawa ta Oscar.

Akwai maƙocinmu ɗan adaidaita da ya zo ya tsaya daga bakin zaure bai ma zauna ba. Da aka zo inda uban ya gano ɓarawon amma 'yan lungun suka taru suka kare shi, ɗan sanda kuma yace babu shaida, sai naji yace haka ne wallahi haka ne. Shi an taɓa ɗauke masa mashin lokacin yana achaba, kuma bashi ne bai gama biya ba. Bayan an tashi ya daɗe yana bamu labari, yaran suka kewaye shi suna saurare, nace a raina to ga fim nan a bakin ƙofarku.

An yi gardama akan ƙarshen. Uban ya gaji ya kai hannu kan keken wani, aka kama shi aka mammare shi a gaban ɗansa, mai keken ya kalli yaron yace a sake shi. Wasu sun ce ai fim ɗin bai ƙare ba tunda ba a ga keken ba kuma ba a hukunta ɓarawo ba. Ni a wajena nan ya ƙare, don ba keken ake nema ba tun tuni, mutuncin uba ne a idon ɗansa, kuma yaron ya kama hannunsa duk da abun da ya gani.

1 Disamba

Mother India, 1957, na Mehboob Khan. Wannan kam ba sai na gayyaci kowa ba, da labari ya zaga mata suka cika gida har da na maƙota, dole muka raba tabarmi. Su Kawu tuni sun san shi tun zamanin sinimomin Kano, su Plaza, Orion, Eldorado, Palas, yana ta lissafo su da yatsa, wasu waƙoƙin ma bi yake duk da baya jin Indiyanci.

Yaran sun ɗauka irin Indiyan da suka saba ne na rawa a kan dutse, sai suka tarar da noma da bashi. An ci bashin rufi 500, kuɗin Indiya, don biki wajen mai bada bashi da ruwa, an dangwala yatsa a takardar da ba wanda ya iya karantawa, sai ga shi kashi uku cikin huɗu na amfanin gona nasa ne duk shekara kuma uwar kuɗin na nan bata motsa ba. Dutse ya danne wa mijin hannuwa ya rasa su, kunya ta sa ya bar gida, ambaliya ta zo, matar ta ja garma da wuyanta ta raini 'ya'ya. Nargis ce ta fito a uwar, tana da shekara ashirin da wani abu amma ta taka daga amarya har tsohuwa tukuf. Wanda ya fito a ɗanta fitinanne, Sunil Dutt, shi ya ciro ta daga wuta da gobara ta tashi a lokeshan, daga baya suka yi aure a 1958, ɗansu shine Sanjay Dutt da mutanenmu ke kira ɗan daba mai lasin. Da na faɗi wannan sai da gida ya ɗauki sowa.

Kusan awa uku ne kuma gaskiya akwai inda ya ja da yawa, barkwancin tsakiya da an rage shi da ba a yi asara ba. Amma ƙarshen, inda uwa ta harbe ɗanta da hannunta don ya ɗauke 'yar mai bashin nan da ya cuce su, Gwaggo tace ita fa bazata iya ba ko duniya zata tashi, wata dattijuwa tace ai 'yar mutane amana ce ko ta maƙiyinka. Har aka naɗe tabarmi suna yi. Shine fim ɗin Indiya na farko da ya shiga sahun ƙarshe na takarar Oscar ta fina-finan ƙasashen waje.

Abun da nake so yaran su gane, Indiyan da masana'antarmu ta kwaikwaya rabinsa ta ɗauka, ta ɗauki waƙa da soyayya ta bar gona da bashi da ambaliya, alhali su ne suka sa iyayenmu suka ga kansu a ciki.

8 Disamba

12 Angry Men, Amurka 1957, fim ɗin Sidney Lumet na farko. Mutum 12 'yan gari da kotu ta zaɓa su yanke ko wani saurayi ya kashe ubansa, 11 sun ce ya kashe, ɗaya yace mu dai tsaya mu duba. Kusan duka a ɗaki ɗaya, tebur ɗaya da fankar da ta ƙi tashi. Sai da na ɗau lokaci ina bayanin tsarin shari'arsu tunda ba irin namu bane. Mata basu zo ba, maza kaɗan ne, amma wanda yake riƙe mana kyamara in yaran zasu ɗauki abu ya lura da kansa cewa da farko daga sama ake ɗaukarsu, can gaba kyamarar ta sauko ƙasa ta matso fuska har ɗakin ya zama kamar ya ƙanƙance. Haka ne kuwa, da gangan daraktan ya dinga canza gilashin kyamara. Naji daɗi sosai da ya gano ba tare da na nuna masa ba. Masu cewa sai an samu gidan alfarma da manyan motoci kafin a yi fim, ga amsa.

22 Disamba

Seven Samurai na Akira Kurosawa, Japan 1954. Minti 207 ne, dole muka raba shi dare biyu, Juma'a da Asabar, ga sanyi ga hazo, kowa da bargo, Kawu ya sa aka hura gawayi a kasko.

Ban san zai taɓa mutane haka ba sai da aka fara. Fitowar farko 'yan fashi ne a kan dawakai suka tsaya a kan tudu suna kallon wani ƙauye, shugabansu yace a bari sai sun girbe sha'ir tukun mu dawo. Wani manomi ya ji daga ɓoye. Akwai wani ɗalibi da ke zaune a unguwarmu, mutanensu na wajen Zamfara ne, tashi yayi ya fita, sai can ya dawo ya zauna a baya. Washegari yace min Malam wannan ai ba labarin da bane, ko bana sai da aka biya kafin a bari su shiga gona su kwashe. Ban san me zan ce masa ba, Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa.

Manoman basu da kuɗi, dattijon garin yace ku nemo mayaƙa masu jin yunwa. Suka dinga ciyar da su shinkafa su kuma suna cin gero, a wajensu gero abincin wahala ne, nan ma sai da aka yi ta magana don mu ai gero shine abinci. Abun da yasa fim ɗin yayi tsayi shine baya gaggawa, sai ka san kowane ɗaya cikin bakwai ɗin, ka san taswirar garin, ina aka yi shinge, ina aka cika da ruwa, ina aka bari a buɗe da gangan don a dinga shigo da mahara ɗaya-ɗaya. Shugaban mayaƙan yana da takarda da ya zana da'ira 40, duk wanda aka kashe ya soke ɗaya, saboda haka kai mai kallo kana lissafi tare dashi. Faɗan ƙarshe cikin ruwan sama da taɓo ne, da kyamara fiye da ɗaya aka ɗauka lokaci guda, kuma duk hargitsin nan baka taɓa rikicewa akan waye ina. Na ce wa yaran su gwada wannan da faɗan fina-finan yanzu da ake yanka hoto duk daƙiƙa har baka san wa ya daki wa ba.

Huɗu suka mutu cikin bakwai kuma dukkansu bindigar toka ce ta kashe su, ba takobi ba. Sannan fim ɗin bai wanke manoman tas ba, akwai inda ɗaya daga cikin mayaƙan, wanda shi asalinsa ɗan manoma ne, ya fashe da faɗa yana tona asirin ƙauyawa cewa suna ɓoye abinci suna kashe mayaƙan da suka gudo daga yaƙi, sannan ya juya yace to waye ya maida su haka in ba ku masu makami ba. Ɗan wasa Toshiro Mifune kenan. Wannan wajen sau biyu muka kalla.

Kawu yace ai wannan Sholay ne. Nace Kawu Sholay 1975 ne, shi ya biyo baya, ya ɗauko ne daga nan da kuma fina-finan kaboyi. Bai yarda ba har yanzu.

5 Janairu 2025

Mun shigo Afirka. Mandabi na Usman Sembene, Senegal 1968, da harshen Wolof. Sembene ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa ta Marsai a Faransa kafin ya fara rubuta littattafai, da ya ga mutanensa da yawa basa karatun boko balle su karanta Faransanci sai ya tafi Mosko ya koyo fim yana da kusan shekara 40.

Wani magidanci ne a Dakar, mata biyu 'ya'ya bakwai, ba aiki, ga babbar riga ga son girma. Ɗan 'yar'uwarsa da ke sharar titi a Faris ya aiko da takardar kuɗi ta gidan waya, sefa 25,000, kuma mafi yawa ma ba nasa bane ajiya ce. Kafin ya dawo gida matan sun riga sun karɓo shinkafa bashi a kanti, kafin la'asar unguwa ta ji, masu roƙo da masu zuwa gaisuwa sun yi layi. Ya je karɓa aka ce sai katin shaida, katin shaida sai takardar haihuwa da hoto, takardar haihuwa sai ya san ranar da aka haife shi. Mai hoto ya cuce shi, na ofis suka yi ta wasa dashi, a ƙarshe wani ɗan boko mai kwat da ya yarda dashi ya sa hannu ya bashi wakilci shi ya cinye kuɗin.

Wallahi tunda muka fara ba a taɓa dariya irin ta daren nan ba, kuma dariya ce ta wanda abun ya taɓa faruwa dashi. Kowa a wajen ya taɓa bin layin wata takarda aka ce ya dawo gobe. Kuma zaman gidan, yadda matan ke kawo masa ruwan wanke hannu, yadda yake gyatsa bayan ya ƙoshi ya miƙe, tasbaha, kiran sallah, Gwaggo tace waɗannan ai Hausawa ne yarensu ne kawai daban. Abun da ya burge ni, Sembene bai maida mutumin waliyyi ba, yana da fankama yana da zalama, matansa sun fishi dabara nesa ba kusa ba, amma duk da haka zuciyarka na tare dashi. Fim ɗin ya samu kyauta ta musamman a bikin Venis na shekarar.

Bayan an tashi ɗaya daga cikin 'yan matan da ke zuwa da yayanta tace Yaya ni fa ina da labari irin wannan, na kakata da kuɗin fanshon kakanmu. Nace rubuto shi.

19 Janairu

Nijar. Mutane da yawa a nan basu san maƙotanmu sun riga mu nisa a harkar nan ba. Umaru Ganda, haifaffen Yamai 1935, yana matashi ya shiga sojan Faransa aka kai shi yaƙin Indocin, wato yankin Vietnam, ya dawo ba aiki ya tafi Abijan yana dako a tashar jirgin ruwa, can ya haɗu da Bafaranshen nan Jean Rouch ya fito a fim ɗinsa na 1958. Daga baya ya fara nasa. Cabascabo labarin kansa ne kusan, tsohon soja ya dawo da kuɗin sallama, abokai da mata suka taya shi cinyewa suka watse, a ƙarshe ya ɗau fartanya ya nufi gona. An nuna shi a bikin fina-finai na Kan ta Faransa a 1969. Sannan fim ɗinsa na auren wani alhaji mai ƙara mata, Le Wazzou polygame, shi ya fara cin babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka na Wagadugu, a 1972, wato kafin kowa a Afirka ɗan Nijar ne ya ɗauke ta. Ya rasu 1 ga Janairu 1981, akwai cibiyar al'adu a Yamai da sunansa.

Kwafin da na samu na Cabascabo ya sha wuya, hoto dishi-dishi, sauti na shiga yana fita, da Zabarmanci ne kuma fassarar Faransanci. Wani mai shayi ɗan Dosso da ke bakin titinmu shi ya zo ya zauna kusa da sipika yana mayar mana da Hausa, Allah Ya saka masa da alheri, ya ƙi karɓar ko sisi. Bai kai awa ɗaya ba. Raina ya ɓaci da na ga fim ɗin Japan na 1954 tas kamar jiya aka ɗauka, na maƙocinmu na bayansa da shekara 15 kuwa da ƙyar ake gane fuska.

2 Fabrairu

Pather Panchali na Satyajit Ray, Indiya 1955, da Bangalanci. Wannan bai karɓu ba, rabin yaran sun zame kafin a kai tsakiya, sun ce ba abun da ke faruwa. Na fahimce su, tafiyarsa a hankali take. Amma ina nan akan bakana ya cancanci kallo. Ray bai taɓa yin fim ba kafin nan, mai kyamararsa ma bai taɓa riƙe kyamarar fim ba, kuɗi suka yanke aka yi ta tsayawa har kusan shekara uku sai da gwamnatin jiharsu ta Bengal ta Yamma ta taimaka. Waɗanda suka daure sun ga inda uban ya dawo daga doguwar tafiya yana ciro tsaraba, ya miƙo zanin da ya sayo wa 'yarsa bai san ta rasu ba, uwar ta fashe, kuma ba a bari mun ji kukanta ba, kiɗa mai tsini aka saka a madadinsa. Gwaggo kuwa tsohuwar nan da ake kora daga gida ita ta tsaya mata a rai, tace kowane gida akwai irinta kuma Allah zai tambaye mu.

Nan gaba irin wannan sai dai in ware wa masu son koyon aikin su kaɗai.

16 Fabrairu

Maganar Shaihu Umar. Tun farkon aikin nan shi nake so mu rufe zango dashi kuma har yau ban samu kwafi mai kyau ba. Fim ne na Hausa na 1976, Adamu Halilu ya bada umarni, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa wanda ya rubuta tun shekarun 1930 kafin ya zama Firayim Minista. Umaru Ladan ne ya fito a Shaihun. Yaran sun ɗauka fim ɗin Hausa daga Turmin Danya na 1990 ya fara, da na ce musu akwai wanda ya girme shi da shekara 14 kuma a zaren sinima aka ɗauke shi ba kaset ba, har da ayarin raƙuma, basu yarda ba.

Shekaru da yawa ana ɗauka ya ɓace. Sai a 2016 aka gano zarensa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, wata cibiya a Jamus mai suna Arsenal ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. Wato Bajamushe ya zauna a kujera ya kalli Shaihu Umar tas, yaron Kano da aka yi fim ɗin da harshensa bai ma san akwai shi ba. Wannan abun na ci min rai, kuma ba maganar 1976 kaɗai bace, kaset-kaset na shekarun 1990 da muka tashi da su ina suke yanzu, wa ya ajiye na asali? Zafi da ƙura da gara basa jiran kowa.

Tunda babu fim ɗin sai muka karanta littafin jiya, ana karɓa-karɓa, daga garin Kagara da Makau mijin uwarsa har inda aka sace Umar yana yaro, Abdulkarim Balarabe ya tafi dashi ƙetaren sahara, uwar ta bi sawu ita ma ta faɗa hannun masu bauta. Na sa kowa ya zaɓi shafi ɗaya ya faɗi yadda zai ɗauke shi ba tare da kowa yayi magana ba. Mai kyamararmu yace shi sawun ƙafar uwar zai bi a rairayi iska na shafe shi. Wata tace ita kwanon abincin yaron zata nuna da uwar ke ci gaba da wankewa. Da a watan Nuwamba ne da cewa zasu yi a sa waƙa.

Na rubuta wa wani malamin jami'a da aka ce yana da hanyar samun kwafin, ina jiran amsa. Duk wanda yake da hanya ta halal dan Allah ya taimaka.

23 Fabrairu

Azumi ya ƙarato, mun tsaya sai bayan sallah in Allah Ya kaimu. Labarin kakar nan da kuɗin fansho ya zama shafi shida, mun zauna mun soke kusan rabin maganganun ciki, duk inda hoto zai iya faɗa mun bar wa hoto. Gwaggo ta yarda zata fito a kakar da sharaɗin ba kwalliya kuma ba za a sa ta kuka na ƙarya ba. Maƙocinmu ɗan adaidaita zai bamu kekensa da safe kafin ya fita aiki. Da waya za a ɗauka, abun da ya rage sauti ne, muna neman aron ƙaramin makirfo na maƙalawa a riga don na wayar yana kwaso iska da kukan awaki.

Waɗanda ke layi bayan sallah: The Battle of Algiers na 1966 akan yaƙin ƙwatar 'yancin Aljeriya, na riga na kai rabi a fassararsa, sai Yeelen na Sulaiman Sise ɗan Mali na 1987, sai na Umar Mukhtar da Kawu ya matsa lallai a saka duk da kusan kowa ya gani. Kwan majigin ya fara rage haske, za a yi karo-karo a cikin azumi a sayi wani.